Tayin da Aka Yi wa Aulis Sau Ɗaya

Shekara arba'in da biyu muna maƙwabtaka da Aulis kafinta a garinmu Kuusiranta, amma in aka tara duk maganar da ya taɓa yi mini, ba za ta cika wuni guda ba. Matarsa Lempi ce ke yin surutun gidan, nata da nasa duka.

Jirgin ruwa yake sassaƙawa, sai ɗakin sauna, wato na wankan tururi, in wani ya nema. Ana nan sai ga Marketta daga babban birni Helsinki, mai shirya fim. Ita finafinanta duk na mutanen da ke zaune ne suna kallon tafki ba sa cewa uffan, don haka da ta gan mu sai ta ga tsuntsu daga sama gasasshe. Fim biyar ta yi a garinmu cikin shekara ashirin, kuma duk ƙofa da gada da ka gani a ciki hannun Aulis ne, har da cocin katakon da aka cinna wa wuta a na uku. Lempi kuwa ita ke dafa wa ma'aikata kofi da burodin kirfa. In an nuna fim a zauren gari, ba ta barin kowa ya tashi sai sunan mijinta ya wuce can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe.

Bazarar da za a yi na shida, likitocin birnin Kuopio suka gaya musu Lempi ba za ta kai lokacin saukar ƙanƙara da rai ba. Aulis da Lempi ba su faɗa wa kowa ba sai ni. A fim ɗin akwai wurin rawa a rumfar bakin tafki, inda su biyun suka fara haɗuwa. Muna cikin sauna Aulis ya watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi, ya ce, "Reino, hoton Lempi biyu gare ni, duka ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura. Da za a ɗauke ta tana rawa, da na sami abin kallo."

"To ka gaya wa Marketta mana."

"Roƙo ke nan. In tana so za ta yi tayi."

Mu a nan in an yi maka tayin kofi, ƙi ake yi. A sake, ka sake ƙi. Sai a na uku ka ce, "To, rabin kofi." Wanda ya karɓa tun farko ba shi da tarbiyya. Mutanen Helsinki kuwa in ka ce a'a, sun ɗauka a'a kake nufi.

Ranar ɗauka, da tsakar rana, na lura Aulis ya sa kwat ɗin aurensa a ƙarƙashin rigar aiki, Lempi kuma ta ɓoye takalman rawarta a jaka. Sai ga Marketta ta nufo su da sauri.

"Aulis, tsofaffi biyu nake so a tsakiyar fili. Kai da Lempi za ku yi?"

Fuskarsa ta yi ja. "Mu? Haba, kada a ɓata fim saboda mu. Ai akwai waɗanda suka fi mu."

"To shi ke nan," in ji ta. Ta juya ta kira wani mutum da matarsa daga ƙauyen gaba.

Na zungure shi. "Bi ta mana, kai kututture!"

"Za ta sake tambaya," ya ce.

Ba ta sake ba. Ni ma da nake zaginsa ban ɗaga ƙafa ba, don ba a shiga maganar wani, kuma har gobe abin yana cina. Lempi ta dubi mijinta, ta ce, "Allah ya shirye ka, tsoho," tana 'yar dariya. Ta zuge jakarta ta ɗauki butar kofi.

A watan Oktoba muka binne ta.

Da Marketta ta kawo fim ɗin bayan sanyi ya wuce, na tare ta a bakin zaure na zayyane mata komai, ban tauna ba. Ta dafe bango.

"Shekara ashirin ina zuwa garin nan, babu wanda ya gaya mini?"

"Ai ba a faɗa," na ce. "Sani ake yi."

Mako uku ta yi tana tonon hotunan da aka yanke daga fim ɗin aka zubar. Ta dawo da kwamfutarta ta ajiye a teburin kicin ɗin Aulis. Daƙiƙa shida ta samu. Can gefe, bayan masu rawa, ga Lempi ta ba mu baya, buta a hannu, kafaɗunta na bin kiɗa, diddigenta na ɗan tashi yana sauka. Ita kaɗai take rawarta.

Aulis ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Juyo mana, tsohuwa," ya ce a hankali. "Juyo kaɗan."

Sai wani mai jan waya ya gifta ya tare ta, hoton ya ƙare.