Baba Mai Baro da Baƙin Tasha

Kafin motar farko ta shigo tasha, Baba Mai Baro ya riga ya ɗiga wa tayar baronsa mai, ya zauna yana jiran baƙi. Dako ne sana'arsa, amma direbobi kan ce tambayarsa ta fi kayan nauyi. Duk wanda ya sauko yana waige-waige, sai Baba ya ji daga ina yake, me ya taso shi, wa ya riga shi zuwa daga garinsu.

Da tambayar nan ya san birnin ciki da bai. Ya san fari ne ya koro iyayen maƙeran bayan gada. Unguwar da yanzu benaye suka cika, ya san ta tun tana rumfunan kwano, a baronsa ma tukwanen mutanenta suka isa can. Ba ya yar da baƙo a bakin titi. Sai ya kai shi ƙofar 'yan garinsu, ya yi sallama, ya damƙa shi hannu da hannu.

A makon da gwiwa ta ce ya huta, wata mata ta sauka da keken ɗinki da goyo, ambaliya ta cinye ƙauyensu. Ta faɗi sunan ƙauyen, Baba bai taɓa jinsa ba. Direbobi suka yi ta dariya wai yau an ƙure shi. Abin ya dame shi ƙwarai, don matar ba ta da wurin kwana.

Ya ɗora keken, yana ɗingishi, har gidan wata tsohuwa mai kitso. Tsohuwar ta ce ita ba ta san ta ba, kuma ba 'yar garinsu ba ce.

"Ke ma ranar da na kawo ki, Yaya, wa ya san ki?"

Sai tsohuwar ta kwance makullin ɗakin baya daga bakin zaninta. Da baƙuwar ta hau godiya, Baba ya katse ta.

"'Yata, ke ce ta farko. Duk wanda ya biyo bayanki daga garinku, wurinki za a kawo shi. Kada ki ce ba ki san shi ba."

Baba, kai ne ƙofar da rabin birnin nan ya shigo ta cikinta, mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Mu kuwa da aka taɓa kaiwa ƙofar wani, mu tuna gobe ma mota za ta shigo tasha da baƙi, kuma Baba yana gida.