Lemon Bakin Get

Shekara goma sha tara Baba Mai Fulawa ya yi yana kula da lambun gidan baƙin kamfani, kuma a gaban idonsa Turawa bakwai suka zo suka tafi. Kowa da nasa salon. Wata ta ce a cire ciyawa a zuba tsakuwa, wanda ya gaje ta ya ce a kwashe tsakuwar a mai da ciyawa. Baba bai taɓa musu ba. Abu ɗaya ne nasa na kansa: bishiyar lemon da ya dasa kusa da get, wadda sai bana ta fara fure, bayan shekara biyar yana ba ta ruwa.

Sai ga manajan gidaje da takarda. Ranar Juma'a za a sare bishiyar, a kafa rumfar mota.

"Ranka ya daɗe, maigida ya sani kuwa?"

"Baba, in ya ce a bari, an bari. Nemo shi."

Nemo shi a ina? Maigidan yanzu injiniya ne mai ayyuka a ƙasashe huɗu, akwatinsa ba ya barin bakin ƙofa. Kuku ma cewa yake ya fi sanin wankinsa a kan fuskarsa.

Baba ya tambayi direba ranar dawowarsa.

"Laraba, in jirgi bai yi halinsa ba. Alhamis mu koma. Ni da filin jirgin nan, Baba, ɗaurin aure kawai ya rage mana."

Ran Laraba Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya wuni a bakin get. Jirgi ya yi halinsa. Sai Alhamis da rana motar ta shigo. Maigida ya fito da waya a kunne, ya shige, ya sauya akwati, ya fito. Baba ya tare shi da ɗan Turancin da ya tsinta, yana nuna bishiyar da hannu biyu.

Maigida ya duba, ya yi murmushi, ya ɗaga babban yatsa. "Kyau, kyau! Sai na dawo, Baba." Mota ta ja.

Washegari manaja ya iso da masu rumfa. "Ya ce a bari?"

Baba ba ya ƙarya. "Ya ce tana da kyau."

"Wannan ba zai shiga takarda ba, Baba."

Saran itace ma aikin mai lambu ne. Baba ya cire rigarsa ya rataye, ya ɗauko gatari, ya ce wa masu rumfa su matsa baya kada reshe ya faɗo musu.