Ciyawar da Yayata Ta Shuka a Gangare

Gari bai gama wayewa ba muka bar Sabon Tasha, ni da wani abokina malamin gona, a tsohuwar motarsa wadda sai an lallashe ta take tashi. Gida za ni, ƙauyenmu da ke bayan Kafanchan, kan maganar gonar gangare da mahaifinmu ya bari. Masu haƙar tsakuwa sun taya ta, babban wanmu yana so a sayar, yayata kuma ta ce sai mun zo mun gani da idonmu.

Hanyar Kachia ta sha ruwan damina, ramuka ko'ina. Mun tsaya mun ci gasasshiyar doya da manja, mai doyar tana ta ba mu haƙuri kan tsada kamar ita ta jawo ta. A Zonkwa na tambayi kuɗin buhun takin yuriya, na saki bakin buhun a hankali na koma mota.

Tun ina yaro gonar nan ba ta ba da abin kirki. Ja ce, duk tsakuwa, ko dawa kunya take ji a cikinta. Amma da muka doshi gonar, tun daga nesa na hango ciyawa tana kaɗawa. Yayata, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita da matan zumunta na majami'arsu suka dasa gamba shekara biyu da suka wuce. Suna yanka ta, su ƙona ta sama-sama, su cura da kunun rogo ta zama gawayi, domin itace ya yi nisa, shiga daji kuma yanzu sai da fargaba.

Gonar kashi uku ce. Inda ba a sa komai ba, ciyawar iya gwiwa, ganyen ƙasa duk rawaya. Abokina ya tsinko ɗaya ya ce yunwar naitirojin ce, sinadarin da ke sa ganye kore. Inda aka zuba yuriya ta fi ni tsawo, kore shar. Sai dai rabin takin masararta yayata ta kwasa ta zuba a nan, masarar kuma ta nuna fushinta. Kashi na uku kashin kaji ne da waken soya a tsakanin layuka. Bai yi kyan gani kamar na biyu ba, amma da na tura yatsa ƙasar ta karɓa, har ta soma duhu.

Abokina ya ba su shawara su daina yanka tana ɗanya, su bari ta bushe ta mayar da abincinta saiwa. Yuriya kuma kaɗan-kaɗan sau biyu, don a gangare ruwan sama rafi yake kai ta.

Da rana muka zauna kan faten acca. Wanmu ya yi maganarsa, kuma gaskiya ce: rufin ɗakinsa na yoyo, ciyawa ba ta sayen kwano. Yayata ta ajiye cokali.

"Yaya, in sun kwashe tsakuwa, rami ne za su bar mana. Rami ba ya haihuwa. Wannan ƙasa bai mutu ba, yunwa ne yake ji."

Can wanmu ya ce ya ba ta damina biyu. Ni na ɗauki nauyin kwanon, wanda ban taho da niyyarsa ba.

Washegari bayan sujada muka biyo ta Kwoi da Kagarko, muka fito Jere, inda 'yan talla suka cika mana mota da ayaba. Duk gefen hanya ina ta ganin filaye irin namu, waɗanda da nake wucewa ban ko kalla. Abin da na koyo shi ne ko ciyawa ba kyauta take fitowa ba, abin da ka yanka ka kwashe daga ƙasa ya fito, kuma sai an mayar mata. Da yamma muka iso gida. Matata ta hura gawayin da yayata ta ba ni tana shakka, ta ɗora tukunya. Kafin in cire takalmi ruwan ya tafasa.