Irin Waken Inna Hure

Wata safiyar Asabar a damunar 1998, kakata Inna Hure ta tsaya a bakin 'yar gonarta ta bayan gidanmu a Kucheri, tana kallon ganyen wakenta ya koma kamar rariya. Ba waken kasuwa ba ne. Wani iri ne fari ƙal mai saurin dahuwa, wanda ta gada wurin uwarta a Furfuri. Damunar da ta gabata bai yi kirki ba, don haka ɗan abin da ya rage duk ta zuba shi a ƙasa. In ya lalace, shi ke nan.

Masu ɓarnar ba su ɓuya ba. Wasu jajayen ƙwari ne ƙanana masu taurin baya, ido na ganin ido suke cin ganye, kana taɓa su sai su faɗo ƙasa su yi lamo. Inna ta hana kanta sakat, mu ma ta hana mu. Tun raɓa ba ta bushe ba ni da ƙanena Lawali muke barbaɗa tokar murhu, in an taso makaranta mu koma tsintar ƙwari a gwangwani, har da gasa. Ko tuwo a tsaye take ci.

Da wake ya fara fure, sai ga wasu 'yan malam-buɗe-littafi masu launin ƙasa suna tashi daga ƙarƙashin ganye da yamma. Laushi gare su, ba sa huda ganye, in ka kama ɗaya gari kawai yake bar maka a yatsa. Inna kan ce, "Ku ƙyale bayin Allah, mi sunka yi muku?"

Ganye ya farfaɗo, muka yi ta murna. Da aka yi roro muka zauna ɓara, sai ga kowane kwanso da 'yar ƙofa, ciki ba komai sai kashin tsutsa. Ashe waɗannan salihan ne suka yi ƙwai a furen. Inna ta yi ta ɓara, mai kyan bai cika tafi ba, shi ma da ta shuka da damuna ta zagayo bai tsiro ba. Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ɓarar nan ba.

Yanzu a Gusau nake, kowa feshi yake yi, wake buhu-buhu. Nakan tsaya gaban masu awo in ɗebi wake ina juyawa a tafin hannu. Har yau ban ga na Inna ba.