Saƙon da Braimah Soja ya riƙe

Mun yi maƙwabtaka da Braimah Soja a unguwar Nima tun 1951, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Dogo ne, ɗan ƙabilar Dagomba, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama. Abokansa sun samu aikin gadi da na masinja, shi kuwa sai ya zaɓi dako a tashar da motocin arewa ke sauke doya da albasa. Ina ɗinki a bakin tashar, don haka kullum ina kallonsa.

Dalilinsa guda ne. A Bama wani abokinsa ya cika a hannunsa, bayan ya roƙe shi ya kai wa mutanen gidansu labari baki da baki. Matsalar ita ce, a lokacin akawun soja ba ya tambayar sunan uba ko na gari. Sunanka da ƙabilarka kawai yake rubutawa. Sai mamacin ya zama Abdulai Moshi, alhali Abdulai Moshi sun fi a ƙirga. Abin da Braimah ya sani bai wuce sunan uwar ba, Zuera, sai tsagar fuskarsa, da cewa akwai rijiya biyu a ƙofar gidansu.

Kowace mota ta tsaya, kafin ya taɓa buhu sai ya bi fuskokin fasinjoji da kallo. Mata har tsarguwa suke yi. Mu kuwa muka sa masa suna mai duba fuska, muna cewa ya je asibiti a ba shi farar riga. Ni ma na yi masa dariya, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Wata rana ya kawo mini takardar sallamarsa, muka sa Malam Issaka, wani malamin makarantar boko, ya karanta. Baturen da ya rubuta ta ya yabe shi da wata kalma. Malam ya ce ma'anarta tsayawa kan abu ba ja da baya, asalinta kuma daga wani tsohon harshe ne, inda take nufin kafa alamar iyaka, kamar dutsen da ake dasawa a gefen gona. Braimah ya ce shi niyya ya sani, kuma nasa dutsen bai gan shi ba tukuna. Ya naɗe takardar ya koma dakonsa.

Sai a 1961, lokacin furfura ta cika masa gemu, wata mata mai man kaɗe ta sauko daga mota da tsaga irin wadda yake nema. Sunanta Fatimata. Ya tambaye ta sunan uwarta, ta ce Zuera. Ya tambayi rijiya, ta ce biyu ne, ɗaya ta ƙafe. Buhun da ke kansa ya sauke a hankali.

Ta ce tsohuwar tana nan da rai, ta makance, kuma ta hana a yi wa ɗanta sadaka, tunda ba wanda ya ga gawarsa. Duk sallah sai ta sa a ajiye masa nama.

Braimah ya durƙusa a cikin ɓawon albasa, ya ce, "'Yar'uwa, ki gaya wa Mma an yi wa Abdulai wanka, an yi masa salla. Ni na sa shi a kabari da hannuna, fuskarsa na kallon alƙibla."

Fatimata ta daɗe tana kuka. Da ta share fuska sai ta girgiza kai.

"Baba, ba za ta yarda da bakina ba. Ni ban gani ba."

Washegari mutumin da ya shekara goma sha biyar, tun dawowarsa daga yaƙi, yana jiran motocin arewa ya hau ɗaya daga cikinsu. Ni na ɗinka masa farar rigar da ya tafi da ita.