Robar da Baba Ya Ɗaure wa Giya

Jiya da hantsi wani mashin ya wuce ta ƙofar gidana a Jega Firchin, sai na ji injin ya yi kuka sama, wuuu, tayar kuwa ba ta ja ba. Giya ce ta fita. Ina tsince shinkafa a lokacin, na ajiye faifan, na zauna ina kallon bango. Ban yi kuka ba, ka san abin ya daɗe.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya Baba yana da wani jan mashin, a ƙauyenmu can gefen Jiga Makera. Da shi ake kai albasa Aliero, da shi ake zuwa biki da gaisuwar mutuwa. Shekarar nan mashin ɗin ya koyi wani hali: da an ɗora masa kaya an shiga yashi, sai giya ta biyu ta zame ta koma firi, injin ya yi ta ihu a banza.

Baffa, yayan Baba, bakanike ne a Jega. Ba ya gaggawar kwance abu. Sai ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraren huɗuba. Da ya zo gida wata Juma'a haka ya yi. Ya duba kuloci, ya ce lafiya lau. Ya tsiyayi baƙin mai a tafin hannu, ya murza, ya nuna wa Baba ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli.

"Haƙoran giya sun cinye," in ji shi. "Sai an buɗe ciki. Ka bar min shi kwana biyu."

"Yaya, kwana biyu ana tsakar kwasar albasa? Bari dai a gama."

Baba ya yi abin da manoman albasa suka saba. Ya yanko robar tsohon tub na taya, ya ɗaure sandar giya da wurin taka ƙafa don ta danne ta. Kuma ta riƙe, wallahi, har ya yi ta dariya. Baffa ya ce robar nan ƙara cin ƙarfen take yi daga ciki. Ba wanda ya saurare shi, warin albasa ya cika gida, kowa hankalinsa na gona.

Inna tana da tsohon ciki a bazarar nan. Wata safiya naƙuda ta zo da jini, ungozoma ta fito ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a yi asibiti Jega. Aka ɗora Inna a bayan Baba. Dole wani ya zauna can baya ya riƙe ta kada ta faɗi. Kaka ta tsufa, Gwaggo kuma wurin ba zai ɗauke ta ba. Ni ce siririya, ni aka ɗora.

Na rungume ta. Zaninta ya jiƙe, bayanta da zafi kamar murhu. Muka yi tafiya mai ɗan nisa lafiya, sai a yashin wani kwari robar ta tsinke, tas. Injin ya yi wannan kukan. Baba ya taka giya, ta shiga, ta fita. Ya danne da diddige, ta sake fita. Ya koma ta ɗaya, ita ma ta ƙi zama. Ya sauka yana turawa, mu biyu a sama, yana salati, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Wani Bafillace mai amalanken shanu ya same mu ya ɗauke mu, Allah Ya saka masa. Shanu kuwa ba su san sauri ba. Kan Inna na bisa cinyata, ta ce, "Kin sha ruwa?" Na ce na sha. Ban san lokacin da abin ya faru ba. Nauyinta ne kawai ya sake. Da muka isa ana kiran azahar, wata ma'aikaciyar asibitin ta taɓa ta, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya zo da jakar sifanoninsa. Ba wanda ya kira shi. Ya shimfiɗa buhu a inuwar dogonyaro, ya raba injin biyu, ya jera komai bi da bi. Ya zaro giyar, haƙoranta sun gulmuce sun yi sumul, ƙarfen da ke tura ta ya lanƙwashe. Duka biyun ba su cika tafin hannuna ba. Ya sa sababbi, ya rufe, ya tayar. Baba na zaune yana kallo, Baffa kuwa bai ce ai na faɗa ba. Ya fara bayan azahar, kafin la'asar ya gama har ya wanke hannu.

Yanzu su biyun duk sun rasu. Mashina sun cika gari, yara ba sa sa kunne a inji, sai dai su ce a canza. Ɗana yana kabu-kabu tsakanin Jega da Maiyama. Watan jiya na ga roba ɗaure a sandar giyarsa, na zare makullin na ƙulle a bakin zanina. Ya ce, "Haba Inna, bari dai a gama hidimar kasuwa." Na ɗauko wuƙa na yanke robar, na ce ya tura shi wurin bakanike da ƙafa.