Elk ɗin Orval Brekke

Orval Brekke ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta a Lewistown ta jihar Montana, ko cokali bai taɓa ƙerawa ba. Da ya yi ritaya sai ya zama kaya a gida. Duk inda matarsa Marlys ta juya yana bayanta, har ya fara koya mata jera kwanuka. Ran nan ta buga wa ƙaninta Delmer waya ta ce, "Zo ka ɗauke mini mutumin nan kafin in yi kisan kai."

Delmer, wanda shi ma furfura ta gama cinye masa kai, shi ne sarkin ɗurin harsashi na yankin, a faɗarsa dai. Ya ja Orval garejinsa, ya nuna masa yadda ake wanke kwanson da aka riga aka harba, a sa masa sabuwar hula mai kunna albarushi a gindi, a auna albarushi a zuba, sannan a danna dalma a baki. Ya kuma ba shi dokokin masu wannan aiki. In kana zuba albarushi, ka rufe ƙofa, ko gobara ake yi kada ka tashi. Harsashin da wani ya ɗura kuwa, ko ubanka ne, ba ka harba shi.

"Har naka?" in ji Orval.

"Musamman nawa, Mijin Yaya. Nawa na maza ne. Ka harba shi, sai an je Kanada tsinto kafaɗarka."

Abin ya shiga ran Orval fiye da yadda Marlys ta roƙa. Ya koma yawon filin koyon harbi da bokiti, a duƙe kamar kaza tana tsince. Mutum bai gama harbi ba, Orval na tsaye a bayansa yana jiran kwanso ya faɗo. Ya taɓa busar da kwanson da ya wanke a murhun gashin Marlys, kek ɗin da ta kai coci ya fito yana ƙarnin ƙarfe.

A shekarar ne ƙuri'a ta faɗo masa, ya sami izinin harbin namijin elk, wata ƙatuwar dabbar dawa dangin barewa, a kwazazzaban kogin Missouri. Tun yana da gashi a ka yake neman wannan takarda. Likita kuma ya riga ya gaya masa cewa daga wannan kakar gwiwoyinsa sun yi sallama da hawan dutse. Orval ya rantse da harsashin hannunsa zai kayar da dabbar.

Ranar ɗurin ya rufe ƙofar gareji, ya jera kwanso, ya fara zuba albarushi. Ba wanda ya kira shi, wannan kam a shaide shi. Ƙamshin burodin kirfa ne ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya je ya ci, ya ƙara, ya dawo yana lasar yatsa, ya ci gaba daga inda yake zaton ya tsaya. Bai leƙa cikin kwanson ba ya danne su da dalma.

Da sassafe suka hau tudu shi da Delmer, dusar ƙanƙara har ƙauri, Orval yana nishi yana zagin gwiwoyinsa. Can sai ga elk a gangaren da ke fuskantarsu, ƙato, ƙahoninsa kamar busasshiyar bishiya. Orval ya durƙusa da ƙyar, ya saita, ya ja kunamar bindiga.

Fut!

Kamar an buɗe kwalbar lemo. Babu albarushi a kwanson, hular ce kaɗai ta tashi, dalmar ta tafi rabin bututu ta maƙale. Elk ya ɗaga kai ya dubi wajen, ya ci gaba da kiwo.

Orval ya kai hannu zai sa wani harsashin, Delmer ya damƙe shi. "Hauka kake? Ka harba wani a bayan wancan, rabin fuska zan kai wa Yaya. Ungo tawa."

"Da harsashinka a ciki?"

"To da na wa?"

"Kai ka ce ko na ubana ne kada in harba."

"Ubanka ba ya nan. Karɓi!"

"A'a, yaro. Gwiwa ta tafi, kafaɗar ce ta rage mini."

Raɗa suke yi, amma irin raɗar tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi. Elk ya ji, ya juya, ya fara takawa wajen itatuwa. Orval yana kallonsa idonsa ya ciko. In ya shige kurmin nan, shi ke nan, babu wata kakar.

Delmer ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya haɗiye yawu. "Na kanti ne."

"Me?"

"Na kanti ne, na ce! Saye nake in juye a tsohon kwali. Ni zan zo farauta da abin da na haɗa ina sauraron wasan ƙwallo a rediyo? Ka harba, don Allah!"

Orval ya fizgi bindigar. Ƙarar ta cika kwarin, elk ya yi taku kaɗan ya zube a bakin itatuwan.

Orval ya zauna daɓas cikin ƙanƙara. Yana share ido da bayan safar hannu, Delmer kuma ya ba shi baya yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Mijin Yaya," in ji Delmer a hankali, "wannan maganar ai tsakaninmu ce, ko?"

Orval ya dubi gangaren, ya dubi nisan inda suka bar mota, ya shafa gwiwa.

"In kana so ta tsaya tsakaninmu, cinyoyin elk ɗin nan biyu kai za ka ɗauka, sarkin ɗuri. Da kan. Ni zan riƙe maka hula."